Za a kai mu Japan, amma wai gidan mutane za mu kwana

TAMBAYA: Salam Anti, barka da ƙoƙari. Makarantarmu ce za ta kai mu Japan na sati biyu, za mu zaga Tokyo da Kyoto da Hiroshima, to amma kwana huɗu a ciki za a rarraba mu gidajen mutanen can, kowa shi kaɗai, wallahi abin ya hana ni barci. Ban iya yarensu ba, ga maganar abinci ga salla. Har na fara tunanin fasawa. Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa alaikis salam ƙanwata. Fasawa kuma? Ai kwana huɗun nan da kike tsoro su ne tafiyar. Yawon buɗe ido kam malamai na gaba kuna biye, a sauka a ɗau hoto a koma mota. Za ki ga Kinkaku-ji a Kyoto, ginin nan da aka lulluɓe samansa da zinare, ki hau Shinkansen, jirgin ƙasansu mai gudun tsiya da ke aiki tun 1964, a Hiroshima kuma akwai gidan tarihin bam ɗin nukiliya da aka jefa wa garin ranar 6 ga Agusta 1945, can dai a rage hayaniya da dariya don Allah.

Abinci shi ne ya fi buƙatar shiri. Tun kafin ku tashi a sanar da masu masaukinki a rubuce, kuma kar ki tsaya a "ba na cin alade" kawai, domin romon ramen, wato taliyarsu ta cikin romo, sau da yawa da ƙashin alade ake dafa shi ko da ba ki ga tsoka ko ɗaya a kwano ba, sannan akwai mirin, wata giyar shinkafa mai zaƙi da suke zubawa a girki kamar yadda ake zuba gishiri, su ba sa ma ɗaukarta giya. Ki sa a rubuta miki su a kati da Japananci. Shinkafa da kifi da ƙwai da tofu (awara) na nan, yunwa ba za ta kashe ki ba. Salla kuma ki gaya musu tun ranar farko cewa za ki tashi da asuba, kar su ji motsin ruwa su zaci ba ki da lafiya.

A bakin ƙofa ake cire takalmi a ba ki silifas, banɗaki ma da nasa silifas daban, kuma nan baƙi ke kwafsawa, a manta a fito da shi har falo. Wanka ma ki kula: a waje ake cuɗa jiki da sabulu a ɗauraye tas, sannan a shiga kwamin ruwan zafi, kuma ruwan na duk gidan ne, kar ki tsiyaye shi in kin fito. Ki tafi da 'yar tsaraba, suna jin daɗin haka sosai. Yare kuwa, arigato (na gode) da Google Translate sun isa a fara.

Fasfonki ya kasance a jikinki kullum, doka ce ga baƙi a can. Lambar 'yan sanda 110, motar asibiti 119, ta malamarku kuma ki rubuta a takarda ko da caji zai ƙare. In kika ga abin da hankalinki bai kwanta da shi ba a gidan, ki kira ta a take, ko tsakar dare ne, ba sai kin jira gari ya waye ba.