Agogon da ba ya cin batir zai iya auna motsin jikina?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Na gaji wani agogo Seiko 5 daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ba ya cin batir, kuma tun muna yara ake ce mana da jinin mutum yake aiki. Na lura idan na wuni a gona ko na sha zirga-zirga a kasuwa, ko na ajiye shi sai ya kwana ya wuni bai tsaya ba. Amma in na yi Asabar da Lahadi ina kwance a gida, ran Litinin sai in tarar ya mutu. Yanzu likita ya ce jinina ya fara hawa, in riƙa tafiya a ƙasa. Na sayi agogon zamani mai ƙirga taku, cajinsa ya ishe ni saboda rashin wuta. Shin akwai agogo irin na da, marar batir, da ke auna motsin jiki? Ko wannan nawa za a iya gyara shi ya riƙa yi?

Wani mai karatu daga Zariya

Amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, kai kuma ya ba ka lafiya.

Bari mu fara sallamar maganar jini. Agogon nan bai ma san kana da jini ba. Ka ɗaura shi a ƙafar akuya, aiki zai yi. Da za ka zo shago in buɗe maka bayansa, abin da idonka zai fara gani shi ne wani ƙarfe mai siffar rabin wata, an kafe shi a tsakiya yana lilo. Mu masu gyara rota muke ce masa. Ka karkata agogon kaɗan, sai ka ga ya sulale ya nemi ƙasa. Ka mayar, ya dawo. Duk juyin da ya yi, wasu ƙananan giyoyi na ɗaukarsa su ɗaure wani siririn sifirin da ke naɗe cikin ɗan gwangwaninsa. Sifirin ɗin ne ke sakin ƙarfi kaɗan-kaɗan, bugu 6 a kowane sakan a irin naka, hannuwa su yi ta tafiya. Ina ganin inda zancen jini ya samo asali shi ne mutane sun ga mai agogo ya kwanta ciwo, agogo ya tsaya. Ya rasu, bayan kwana biyu agogo ya bi shi. Wanda bai taɓa ganin cikinsa ba, me zai ce in ba jini ba?

Don haka abin da ka lura da shi daidai ne. Tsofaffin Seiko 5 ma ba a yi musu wani da hannu. Ko ka kwana kana murɗa kan agogon, sifirin bai san kana yi ba. Motsi kaɗai yake ci, kuma in ya ƙoshi yakan kai kamar awa 40 yana tafiya a ajiye.

Akwai wani dattijo da ya kawo mini irin wannan agogon sau uku cikin wata biyu, wai ya lalace, yana tsayawa da dare. Na wanke, na sa mai, na gwada shi kwana huɗu a shago, lafiya lau. A zuwansa na uku na ce, “Baba, yaushe ka ajiye aiki?” Ya ce watanni uku ke nan. Na ce yanzu ina kake wuni? Ya yi dariya ya ce kan tabarma a ƙofar gida, daga nan sai masallaci, shi ma taku ashirin ne. Na miƙa masa abinsa na ce wannan gyaran ba a hannuna yake ba.

To amma jin motsi daban, ƙirga shi daban. Agogonka yana jin motsi, sai dai cinye shi yake yi, ba ya ajiye lissafi, kuma yana da aibi biyu in ana maganar awo.

Na farko, in ya cika ya daina sanin abin da kake yi. An ƙera ƙarshen sifirin ɗin yadda in ya ɗauru tam zai riƙa zamewa a jikin gwangwanin don kada ya tsinke. Kamar randa ce: in ta cika, ko guga nawa ka ƙara, malala zai yi. Juyin rota 650 zuwa 800 a wuni ya ishi yawancin waɗannan agogunan, wanda kuwa ya yi ninki uku na haka, agogonsa ba zai nuna bambanci ba.

Na biyu ya fi wannan girma. Wuyan hannu yake ji, ba jiki ba. Ɗan acaɓa da ke wuni kan hanya mai gargada, agogonsa kullum a ƙoshe yake, alhali bai taka ƙasa ba. Haka malamin makaranta mai yawan nuni da hannu, haka mai zance yana yarfa hannu. Shi kuwa mai tura baro, ko wanda ya ɗauko buhu a ka ya riƙe da hannu, gumi na zuba, zuciya na dukan uku-uku, amma hannun a kafe yake, rota na barci. Likitanka zuciya da ƙafafu yake nufi, agogon Baba kuwa labarin hannu kaɗai ya sani.

Yanzu ga tambayarka ta ko an taɓa yin marar batir mai ƙirga motsi. An yi, har ma shi da agogo mai ɗaure kansa tagwaye ne. A shekarun 1770 maƙeran agogo a Turai suka fara sa nauyi mai lilo cikin agogon aljihu don tafiyar mai shi ta riƙa ɗaure sifirin. Yawanci Abraham-Louis Perrelet na ƙasar Suwizalan ake ba wannan, kodayake wasu masana tarihi na cewa Hubert Sarton ne, mutumin Liège da ke Beljiyam ta yau, wanda ya gabatar da zanensa a Faransa a 1778. Dabarar dai guda ce da ta ma'aunin taku na da: ɗan guduma ne a kan siririyar waya mai tsalle, a saƙala shi a ƙugu. Duk takun da ka yi ƙugu kan ɗaga ya sauka, guduman ya faɗi ya tura haƙori ɗaya na giya, allura ta matsa. Akwai ɗan sukuru da ake juyawa a daidaita shi da tsawon takun mai shi, sai fuskar ta nuna nisan tafiya. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya shugabanci Amurka, ya aika wa abokinsa James Madison wani ma'aunin taku daga Faransa a 1788. Ka lura, a ƙugu ake sa shi ko a aljihu, saboda can ne taku yake fitowa sosai. Shi ma yana da nasa halin: in kana tafiyar hawainiya ba ya ji, in tumbi ya karkatar da shi sai ya riƙa tsallake ƙirga, in ka hau jaki kuwa ya ƙirga maka takun jaki. Sai a 1923 John Harwood ɗan Ingila ya kai dabarar lilon nan wuyan hannu, Rolex kuma ya fito da rota mai zagayawa gaba ɗaya a 1931.

Abin da ka tambaya na juya agogonka ya koma ma'auni, shi ma an yi shi. A 1959 wasu masu bincike biyu a Amurka, Schulman da Reisman, suna neman hanyar auna ƙiriniyar yara da lamba, ba da faɗar iyaye ko malamai ba. Sai suka ɗauki agogon hannu mai ɗaure kansa suka cire sashen da ke tsare lokaci, ya zama duk lilon da nauyin ya yi, hannuwan agogo ne ke matsawa. A ɗaura wa yaro a hannu ko a ƙafa, a rubuta inda hannuwa suke, bayan wani lokaci a dawo a karanta. Yaron da ya zauna shiru, agogonsa ya ɗan gusa. Wanda ya hana kowa sakat, nasa ya zabga awanni. Suka kira shi aktomita, an kuma yi shekaru ana bincike da irinsa kafin na lantarki su ture shi. Masu bincike na baya sun yi kuka da shi cewa guda biyu ba sa faɗin abu ɗaya, kuma yana jin motsin wani ɓangare fiye da wani. Kowane ƙwararren mai gyara zai iya gwada wannan, amma daga ranar agogon ya daina faɗin lokaci, lambar da zai ba ka kuma babu likitan da zai san fassararta. Ni dai ba zan sa sukundireba a kayan gado don wannan ba.

A zamaninmu, wanda ya fi kusa da abin da kake nema shi ne UR-210 na kamfanin Urwerk a Suwizalan, wanda ya fito a 2012. Yana da wata 'yar allura da ke gwada ƙarfin da hannunka ya zuba wa sifirin da wanda agogon ya ƙona cikin awa biyu da suka wuce. In kana motsi ta karkata wajen kore, in ka lafe a kujera ta koma ja, kuma duk da giya da sifirin, babu ko ɗigon lantarki. A bayansa akwai abin da za ka juya ka rage ƙarfin ɗaurin ko ka tsayar da shi. Aikin hannu ne mai ban sha'awa, sai dai lokacin da ya fito kuɗinsa ya haura dala 100,000, kuma har yanzu hannu yake aunawa. Na kamfanin Frederique Constant da ya fito a 2018 yana ƙirga taku da barci, amma ɓangaren ƙirgar na lantarki ne da aka haɗa da injin sifirin, sai an yi masa caji, ka ga an koma gidan jiya. Seiko Kinetic kuma, da ya shigo kasuwa a 1988, motsinka yake mayarwa wuta ya ci, ba ya ƙirga komai. Masu arha irin wasu na kamfanin Orient suna da allurar da ke nuna awa nawa ya rage wa sifirin. Wannan takan tona asirin mai yawan zama, iyakarta ke nan.

In kana son ka yi wasa da naka ba tare da an taɓa cikinsa ba, ga yadda za ka yi. Ka bar shi ya mutu sarai. Da asuba ka ɗan girgiza shi ya tashi, ka saita, ka ɗaura har bayan isha'i, ka cire ka ajiye, ka rubuta lokacin. Kada ka sake taɓa shi sai ya tsaya da kansa. Tunda yana nuna rana da kwanan wata, za ka ga daidai inda ya mutu. Awannin da ya yi a ajiye su ne makin wannan wunin. Ka gwada ranar ofis, ka gwada ranar gona, za ka ga tazara. Sai dai komai aikin da ka sha ba zai wuce awa arba'in ɗin nan ba, kuma kowane gwaji yana cin maka kwana biyu zuwa uku.

Maganar caji kuwa tana da sauƙi. Akwai 'yan ma'aunin taku da ake maƙalawa a ƙugu masu cin ƙaramin batir irin na agogo, sukan daɗe ba a canza ba. Casio ma yana da agogunan da ke ƙirga taku da batirin da kan kai kusan shekara 2, babu ruwanka da soket.

Kuma kada lambar nan ta taku 10,000 a wuni da ake yawan faɗa ta tsorata ka. Ba daga asibiti ta fito ba. Wani kamfanin Japan mai suna Yamasa ne ya fitar da ma'aunin taku a 1965, shekara guda bayan gasar Olamfik ta Tokyo, ya raɗa masa Manpo-kei, wato ma'aunin taku dubu goma, sunan talla ya bi duniya. Binciken da Dakta I-Min Lee ta jami'ar Harvard ta jagoranta a 2019 kan tsofaffin mata fiye da 16,000 ya nuna masu taku kamar 4,400 a wuni sun fi masu 2,700 tsawon rai, amfanin kuma ya yi ta ƙaruwa har wajen 7,500 sannan ya daidaita. Tsofaffin mata aka gwada, ba magidanci irinka ba, amma ya isa ya nuna dubu goma ba farilla ba ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ma da minti take lissafi: aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, wato minti 30 sau biyar, tafiya mai ɗan sauri wadda za ka iya magana a cikinta amma numfashi ya ɗan ɗaga. A nan agogon Baba ya fi kowa iyawa, don ƙirga minti shi ne aikin da aka ƙera shi dominsa. Ka duba shi a ƙofar gida, ka yi minti 15 ka juyo. In kana son sanin ko zuciya ta ji a jikinta, ka tsaya ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka ƙirga bugu cikin sakan 15, ka ninka sau 4. Tsofaffin agogunan likitoci har zane ake yi musu a gefen fuska don wannan lissafin, kuma ko su yatsan likita ne ke jin jinin, ba agogon ba. Ka rubuta lambobin a ɗan littafi ka kai wa likitanka, shi zai faɗa maka iyakar da ta dace da jininka da maganin da kake sha.

Abu ɗaya kafin ka fara. Agogon da ya kai shekarun wannan, in an daɗe ba a buɗe shi ba, mansa ya bushe, robar da ke tare gumi da ƙurar hunturu ta saki. Ka kai a wanke shi, a sa sabon mai, a canza robar bayan da ta kan agogon. Ka ce wa mai gyaran ya duba ko rota na gogar murfi, don in tana goga, ko daga Tudun Wada ka taka har Samaru, rabin ƙoshi zai yi.