Hip-hop da baƙaƙen fatar Amurka: abin da bidiyo ba ya nunawa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin sakandare ne a Zariya. Da yawa daga cikin ɗalibaina maza sun ɗauki mawaƙan hip-hop na Amurka abin koyi, har suna kiran junansu da kalmar nan mai farawa da harafin N, kuma idan na tsawata musu sai su ce ai su ma baƙaƙe ne. Ni kuwa abin da nake gani a bidiyon waƙoƙin bai wuce bindiga da kuɗi da mata marasa sutura ba. Shin haka rayuwar baƙaƙen fatar Amurka take? Waƙar ce ta lalata su, ko akwai abin da ban fahimta ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da kake gani a bidiyon nan ba shi ne rayuwar baƙaƙen fatar Amurka ba. Adadinsu ya haura miliyan 40, kuma a cikinsu akwai malamai irinka, da limaman coci da na masallaci, da direbobi, da likitoci, da dattawan da ba sa ƙaunar jin wannan kiɗan ko kaɗan. Sai dai ba zan ce maka ƙage ne zalla ba, domin bindigar da ke cikin waƙar tana da unguwar da ta fito, kuma sai an san yadda aka yi unguwar ta koma haka kafin a iya yi wa waƙar hukunci na adalci.

Bari mu fara da maganar ɗalibanka cewa su ma baƙaƙe ne. Yaron da ya tashi a Zariya, idan ana son sanin ko shi wane ne, tambayarsa ake yi ɗan gidan wa ne, daga wace unguwa, wane harshe ake yi a gidansu. Launin fatarsa ba ya hana iyayensa kama hayar gida, kuma ba ya hana shi shiga makaranta. A Amurka kuwa launin ne aka mayar ƙabila da ƙarfin doka. Mutanen da aka kwaso daga Afirka an raba su da harsunansu da sunayensu da sanin kakanninsu, har a shekarar 1740 dokar yankin South Carolina ta haramta wa bayi mallakar ganga don gudun kada su kira juna zuwa tawaye da ita. A ƙidayar 1860 bayi sun kusa miliyan huɗu. An soke bauta a 1865, amma dokokin wariya suka maye gurbinta, kuma a 1924 jihar Virginia ta kafa dokar da ta ce duk mai ɗigon jinin baƙar fata a zuriyarsa ba zai shiga sahun farare ba, komai haskensa. To, sunan da aka ɗora musu don a ƙasƙantar da su shi suka ɗauka suka mayar da shi gida, suka gina masa coci da kiɗa da salon magana da girki da gwagwarmaya. Saboda haka idan Ba'amurke ya ce shi baƙi ne, wannan tarihin yake nufi gaba ɗaya, fata ita ce mafi ƙanƙantar abin da ke cikin maganar.

Hip-hop ɗa ne na wannan gida, kuma an san ɗakin da aka haife shi. Tsakanin 1910 da 1970 baƙaƙe kimanin miliyan shida suka baro jihohin kudu zuwa biranen arewa da yamma suna neman aiki da tsira daga wariya. A can suka tarar da wata katangar da ba a gani da ido: tun shekarun 1930 an zana taswirori an kewaye unguwanninsu da jan layi, bankuna suna ƙin ba da rancen gida a cikinsu. A Bronx ta birnin New York an tsaga unguwanni an ratsa babbar hanyar mota ta tsakiyarsu, masu hali suka tashi, masana'antu suka rufe, har ta kai wasu masu gidajen haya suna sa a cinna wa gine-ginensu wuta don su karɓi kuɗin inshora. Cikin wannan kangon ne, ranar 11 ga Agusta 1973, wata yarinya mai suna Cindy Campbell ta shirya biki a ɗakin taro na benensu da ke lamba 1520 a titin Sedgwick, don ta tara kuɗin kayan komawa makaranta. Mata suna biyan santi 25 a ƙofa, maza santi 50. Yayanta Clive, haifaffen Jamaika wanda aka fi sani da DJ Kool Herc, shi ne mai saka kiɗa. Shi ne ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai gaɓar da murya ke yin shiru a bar ganga ita kaɗai, sai ya riƙa ajiye faifan garmaho biyu iri ɗaya a kan na'urori biyu, wannan na ƙare gaɓar ya saki wancan, ta yadda 'yan daƙiƙoƙi za su miƙe su zama mintoci. A kan wannan bugun ne samari suka fara ɗaukar makirfo suna jera baitoci.

Kunnen Bahaushe ba zai rasa gane wasu abubuwa a nan ba. Mawaƙin da ke kambama kansa yana cewa babu kamarsa, kirari yake yi. Biyun da suka tsaya gaban jama'a suna yankar juna da baiti, zambo da habaici ne. Ba banza ba kafofin labaranmu suke kiran waɗannan mawaƙa 'yan gambara. Ba ina cewa daga wurinmu suka ɗauko ba, ina dai nuna maka cewa yaron da ba shi da gona ba shi da sarauta, bakinsa ne jarinsa, kuma da shi yake shaida wa duniya cewa yana nan. A 1982 ƙungiyar Grandmaster Flash and the Furious Five ta fitar da waƙar The Message, wadda ta bar zancen biki ta kwatanta zaman unguwar talakawa filla-filla, kuma daga nan aka gane cewa wannan salon zai iya ɗaukar labarin da jaridu suka ƙi ɗauka.

Bindigar ta shigo da ƙarfi ne a tsakiyar shekarun 1980, lokacin da wani nau'in hodar iblis mai arha da ake dafawa ta daskare, wanda suke kira kirak, ya mamaye waɗannan unguwanni. A 1986 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar da ta ce wanda aka kama da safarar giram 5 na kirak zai sha ɗaurin aƙalla shekara biyar, daidai da wanda aka kama da giram 500 na garin hodar. Sinadarin ɗaya ne. Bambancin shi ne waɗanda aka fi gurfanarwa kan kirak baƙaƙe ne. Sai a 2010 aka rage wannan tazara daga ɗari bisa ɗaya zuwa goma sha takwas bisa ɗaya, bayan an riga an kwashe iyaye maza daga gidaje masu ɗimbin yawa. Har yau baƙaƙe, waɗanda ba su kai kashi 15 cikin ɗari na al'ummar ƙasar ba, su ne kusan kashi ɗaya cikin uku na masu zaman ɗauri a gidajen yari. Da ƙungiyar mawaƙa ta N.W.A daga garin Compton, kusa da Los Angeles, ta zagi 'yan sanda a faifanta na 1988, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta aika wa kamfaninsu takardar nuna ɓacin rai, mutane da dama kuma suka ce ƙarya yaran suke yi. A watan Maris na 1991 sai ga hoton bidiyo na 'yan sandan Los Angeles suna jibgar wani baƙi mai suna Rodney King yana kwance a ƙasa, aka kuma wanke su a kotu a Afrilun 1992, garin ya kama da wuta, mutum fiye da 60 suka mutu.

Yanzu kuma ga inda nake tare da kai, Malam. Abin da ya fara a matsayin shaida ya koma haja. Manyan kamfanonin faifai, waɗanda a yau uku ne suka riƙe mafi yawan kasuwar, wato Universal da Sony da Warner, sun gano cewa hoton baƙin saurayi mai bindiga da tulin kuɗi yana sayuwa ƙwarai, har a wurin matasa farare da ba su taɓa taka irin waɗannan unguwanni ba. Wannan ciniki tsoho ne a Amurka, domin tun shekarun 1830 'yan wasa farare suke shafa baƙin toka a fuska suna kwaikwayon baƙi a matsayin wawa don a yi dariya. A wannan karon baƙin ne da kansa a kan dandamali, ana kuma biyansa, amma mai zaɓen hoton da za a tallata bai canja sosai ba. Mawaƙin da ke maganar makaranta ko uwa ko tuba yana nan, sai dai ba shi ake turo wa wayar ɗalibinka ba.

Kuma ka sani cewa ƙorafin da kake yi, baƙaƙen Amurka sun riga ka yinsa, da zafin da ya fi naka, domin 'ya'yansu ne. A 1993 Rabaran Calvin Butts na cocin Abyssinian da ke unguwar Harlem a New York ya tara faya-fayan irin waɗannan waƙoƙi ya kawo motar daɓe titi da niyyar murƙushe su. C. Delores Tucker, tsohuwar 'yar gwagwarmayar neman 'yanci, ta sayi hannun jari a Time Warner, kamfanin da ke sayar da irin waɗannan faya-fayai, don kawai ta samu damar shiga taron masu hannun jari a 1995 ta fuskanci shugabanninsa da kalmomin da suke sayarwa a kan mata. Daga cikin mawaƙan ma, Queen Latifah ta yi waƙa a 1993 tana ƙalubalantar masu kiran mata da sunayen banza. Kisan mawaƙi Tupac Shakur a 1996 yana ɗan shekara 25, da na mawaƙi Notorious B.I.G. a 1997 yana ɗan shekara 24, ya nuna cewa wasan ba ya tsayawa a faifai. Ra'ayina shi ne waƙar ba ita ta haifar da talauci da ƙwaya da kurkuku ba, duk sun girme ta. Amma wanda ya ce ba ta da alhakin komai, musamman a wulaƙanta mata da ƙawata kisa a idon yaro ɗan shekara goma sha huɗu, bai faɗi gaskiya ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda wannan hoton yake komawa ya ci masu shi. Masu gabatar da ƙara a Amurka sun sha karanta baitocin matashi a gaban kotu a matsayin shaidar cewa ya aikata laifi, alhali ba a kama marubucin labarin kisa a ce shi ne ya yi kisan. Abin ya yi yawa har jihar Kalifoniya ta kafa doka a 2022 don taƙaita shi. A ɗaya gefen kuma wannan salon ne ya ba Kendrick Lamar, ɗan Compton, lambar yabo ta Pulitzer a fannin kiɗa a 2018, kuma amshin wata waƙarsa masu zanga-zangar adawa da kisan baƙaƙe a hannun 'yan sanda suka riƙa rerawa a tituna. Wataƙila kuma ɗalibanka ba su san cewa Musulunci ya daɗe a cikin wannan kiɗa ba, ta tasirin Malcolm X, Musulmi ɗan gwagwarmayar 'yancin baƙaƙe, da ƙungiyoyin baƙaƙe masu danganta kansu da addinin, waɗanda aƙidar wasunsu ta saɓa da wadda muka sani, da kuma mawaƙa Musulmi irin su Yasiin Bey, wanda ya buɗe faifansa na 1999 da Bismillah.

Game da kalmar mai harafin N, ina goyon bayan ka hana, amma ka faɗa musu dalili. Kalma ce da mai bulala yake kiran bawa da ita, ita ce kuma ake ihu da ita a wuraren da gungun farare suke rataye baƙi a bishiya ba tare da shari'a ba. Wasu jikokin waɗanda aka yi wa haka sun lanƙwasa ƙarshenta suna kiran juna da ita, da hujjar cewa sun ƙwace makamin daga hannun maƙiyi. Wasu kuma har gobe ba su yarda ba: a 2007 ƙungiyar NAACP, wadda ta daɗe tana kare haƙƙin baƙaƙe, ta sa kalmar a akwatin gawa ta yi mata jana'iza a birnin Detroit. Rigima ce ta cikin gida tsakanin mutanen da tabon yake jikinsu. Mun san wasan da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare, da kalmomin da suke jifan juna da su a yi dariya, waɗanda idan bare ya ɗauka sun zama zagi. Wannan kuwa ta fi haka nauyi nesa ba kusa ba, domin jini ne a ƙarƙashinta. Ɗalibinka na iya samun kansa wata rana a Amurka ya furta ta gaban dattijuwar da aka kira mahaifinta da ita, kuma launin fatarsa ba zai rage mata zafin ba.

Ban ga amfanin ka yaƙi salon gaba ɗaya ba, don yaran sun riga sun ji daɗin bugun, kuma gwanintar jera kalmomi a kan kari abu ne da malamin harshe zai iya mora. A Sanagal, mawaƙan hip-hop ne tare da 'yan jarida suka kafa ƙungiyar Y'en a Marre a 2011, suka zaga unguwanni suna sa matasa yankar katin zaɓe, da Wolof suke waƙa kan ɗauke wuta da tsadar rayuwa a garuruwansu. A Burkina Faso mawaƙi Smockey yana cikin jagororin ƙungiyar da ta taka rawa a boren da ya kawar da shugaban ƙasa Blaise Compaoré a 2014. Waɗannan sun ɗauki abin da yaran Bronx suka yi tun asali, wato faɗin halin da unguwarsu take ciki da harshen da ake yi a unguwar. Ka gwada ba ɗalibanka aikin baiti goma sha shida da Hausa a kan layin da suke zaune, wanda zai ambaci mai shayin bakin titi da kwatar da ke cika da damina da yayan da ya gama digiri yana zaune a gida, da sharaɗin kada bindigar da ba su taɓa riƙewa ba ta shiga ciki, sannan kowa ya tashi ya karanta nasa a gaban aji.