Tambaya da Amsa: In zauna a ƙauyenmu na tudu, ko in kwashe iyali zuwa bakin dam?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita. Ni magidanci ne a wani ƙauye a ƙasar Daura, da mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Gonar gado muke nomawa, gero da wake, da an kai amfani gida sai zama har wata damina. Yayan matata yana wani ƙauyen masunta a bakin dam ɗin Sabke, inda kwale-kwale ke tsayawa. Ya ce in dawo can, ga kifi ga lambu. Raina ya biya. To amma da na kai ziyara sai na ga ɗansa yana fitsari, ƙarshen fitsarin jini ne. Na yi magana aka yi mini dariya, wai yaran da yawa haka suke, zafin rana ne da alamar girma, zai daina da kansa. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. In tashi ko in zauna?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, hankalinka da ya ƙi kwanciya shi ke da gaskiya, masu dariyar ne ba su da ita.

Ta fuskar samu, bakin ruwa ya fi, wannan ba abin musu ba ne. Wanda ke gefen Sabke ko Daberam, ko Zobe a Dutsin-ma, ko Jibiya, yana da noma biyu a shekara, ga tumatir da albasa da alkama, ga kifi ɗanye da banda. Sauro kuma ka san shi, a tudu na damina ne, a bakin dam kusan ba ya hutu, ba sai na koya maka ɗaura gidan sauro ba. Kwale-kwale ma ka san halinsa in an cika shi fiye da ƙima. Ba mu manta da hatsarin Ɓagwai na ƙarshen 2021 ba, wanda ya ci ɗaliban Islamiyya. Waɗannan duk ana ganinsu da ido, ana kuma tsoronsu. Abin da ka gani a fitsarin yaron nan shi ne wanda aka daina tsoro, shi ya sa ya fi ɓarna.

Tsargiya ce. Ba rana ke kawo ta ba, ba balaga ba ce, ba kuma tsallake wani abu yaron ya yi ba. Tsutsa ce da ke rayuwa a jikin wata 'yar ƙaramar katantanwa mai maƙalewa a ciyayin gefen ruwan da ba ya gudu. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwar, bayan 'yan makonni ta saki dubban 'ya'yan tsutsa. Ba sai yaro ya sha ruwan ba, ta fata suke shiga. Wanka, wanki, alwala, jan koma, tsayawa cikin ruwa a ɗaura tiyon injin ban ruwa, duk hanya ce. Kuma sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke tsunduma don su sha iska. Daga nan aka ɗora wa rana laifin da ba nata ba.

Maganar "zai daina da kansa" ita ce ta fi ƙona mini rai, don akwai 'yar gaskiya a cikinta, kuma 'yar gaskiyar ce ke halaka mutane. E, jinin yakan ragu in yaro ya girma. Amma tsutsar tana zaune a jijiyoyin jinin da ke kewaye da mafitsara, tana yin shekaru uku zuwa biyar, wata ma fiye, tana zuba ƙwai ɗaruruwa kullum. Kusan rabin ƙwan nan ba fita yake yi da fitsari ba, maƙalewa yake a bangon mafitsara. Wurin ya yi gyambo, ya warke da tabo, ya ƙanƙance. Hanyar da fitsari ke saukowa daga ƙoda ta matse, ƙodar ta kumbura. Sai mutum ya kai shekara 40 ko 50 a zo mana da shi fitsari ya ƙi fita, ko ƙoda ta gaza, ko a tarar da dajin mafitsara. A lokacin kowa cewa yake sammu ne. Ba mai tuna jinin da aka yi wa dariya yana ɗan shekara 10. Kafin ma a kai can, yaron yana fama da ƙarancin jini, ga kasala, ga rashin girma, malami yana dukansa wai daƙiƙi ne.

Mata kuwa nasu ya fi ɓoyuwa, tunda ba mai leƙa fitsarin yarinya. Ƙwan yana zama a mahaifa da bakinta, ya kawo ciwon mara, da zubar ruwa, da jini bayan kwanciyar aure, wani lokaci har da rashin haihuwa. Mace ta yi shekara biyar ana ce mata sanyi ne. Ta sha kafso a kemis, ta sha jarkar mai lasifika a kasuwa wanda maganinsa ɗaya ke warkar da basir da shawara da sanyi da ƙarfin maza, mijin kuma yana shirin ƙaro aure. Ba wanda ya tambaye ta a ina take wanki. Kafso ba ya taɓa wannan tsutsa ko kaɗan, jiƙe-jiƙe ma haka.

Alhali maganin yana nan, sunansa praziquantel, sha ɗaya ne. Ana auna shi da nauyi, miligiram 40 kan kowane kilo, ke nan yaro mai kilo 30 ƙwaya biyu masu miligiram 600 kowacce zai sha. A makarantu da sandar awon tsawo ake rabawa, kuma kyauta. Yakan sa jiri da murɗar ciki in an sha ba a ci komai ba, daga nan ne jita-jitar wai maganin hana haihuwa ne ke samun gindin zama, uba ya hana ɗansa zuwa makaranta ranar rabo. Kai jama'a! Cutar ce ke hana haihuwa, ba maganin ba. Laifi kuma ba na iyaye kaɗai ba ne. Mai rabon da zai iso da hantsi ya ɗura wa yara magani da cikin wofi, ya cike takarda ya tafi, bai kyauta ba. Ga almajirai da yaran masunta da ba sa cikin rajistar kowace makaranta, su ne suka fi kowa shiga ruwa, su ake tsallakewa. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a garin da cutar ta kai kashi 10 cikin 100, a ba kowa daga ɗan shekara 2 zuwa sama, duk shekara, ba 'yan firamare kaɗai ba.

Sai dai ka sani, maganin yana kashe tsutsar da ke jiki ne, ba riga-kafi ba ne. Yaro ya sha yau ya koma ruwa gobe, an koma gidan jiya.

Don haka ga shawarata. Bana kada ka kwashe iyali. Ka je kai kaɗai ka yi noman rani, da takalmin roba mai tsawo, ka bar gonar gado a hannunka, kada ka sayar. Kana can ka duba abin da zai yanke maka hukunci: akwai rijiyar burtsatse mai aiki da mata ke wanki da ita, ko duk dam ake gangarawa? Gidaje suna da masai? Yaushe aka raba magani na ƙarshe? Ka kuma bincika filin da za a ba ka na wane ne, don filayen gefen manyan dam da dama na gwamnati ne, shaidar baki ba za ta tsaya maka ba. In ka samu ruwan burtsatse da gida mai ɗan nisa da gaɓa, ka tashi da iyalinka, Allah ya sa albarka. In babu, tudu da ƙarancinsa ya fi wa yara biyar. In kuma dole ta sa aka ɗebo ruwan dam don wanka, a ajiye shi a rufe ya kwana biyu, 'ya'yan tsutsar ba sa wuce haka da rai.

Ɗan yayan matarka kuwa kada a jira rabon makaranta. Ka faɗa wa ubansa cikin girmamawa, a kai shi asibiti da 'yan'uwansa duka, har matan, a yi gwajin fitsari. A ɗauki fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin ne ƙwan ya fi fitowa. Kai ma in ka taka ruwan a ziyarar nan, ka bari a yi kamar wata uku sannan ka je a gwada ka.