Mahaifiyarmu na da shekara 68: wace inshorar lafiya za mu saya mata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga Aboabo nake, a Kumasi. Mahaifiyarmu na da shekara 68, tana fama da hawan jini da ciwon suga. Yayanmu da ke Jamus yana so mu yi mata inshorar lafiya ta kamfani, shi zai riƙa biya. Me za mu duba kafin mu zaɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka wa yayanku da alheri.

Kafin ki taka ofishin kowane kamfani, duba katinta na NHIS, inshorar lafiya ta gwamnatin Ghana da aka kafa a 2003. In ya mutu, ki danna *929# a waya ki sabunta. Ita ce ginshiƙi: tana ɗaukar ganin likita, da maganin hawan jini da na suga waɗanda ke cikin jerinta, har da aikin yanar ido. Hajiya na cika shekara 70 za a yafe mata kuɗin shekara. Ta kamfani ƙari ce kawai, don toshe inda ta gwamnati ba ta kai ba, kamar tabarau, haƙoran roba, na'urar ji, ɗakin kwanciya na musamman, ko asibitin kuɗi da babu dogon layi.

Abin da ya fi damuna a tambayarki shi ne cututtukan nan biyu. Kamfanin inshora kasuwanci yake yi, ya kuma san tsoho ya fi matashi zuwa asibiti. Shi ya sa da yawa suke sa iyakar shekarun wanda za su karɓa. Ciwon da mutum ya zo da shi kuwa, ko su cire shi gaba ɗaya, ko su ce sai an jira wasu watanni kafin su fara biya. To in an cire hawan jini da suga, sau da yawa abin da suka haifar ma ya fita: shanyewar ɓarin jiki, ciwon ƙoda, gyambon ƙafa, raunin gani. Me ya rage wa Hajiya ke nan? Zazzaɓin cizon sauro, wanda NHIS ta riga ta ɗauka. Don haka ki tambayi wakilinsu kai tsaye: in suga ya kwantar da ita a babban asibitin Komfo Anokye, za ku biya, nawa ne iyaka? Amsar ta zo a rubuce, cikin takardar yarjejeniya. Maganar baki ba ta biyan kuɗin gado.

Ina roƙonki, kada ku ɓoye ciwonta a fom don a rage muku kuɗi. Ranar da kuka fi buƙatarsu za su buɗe fayil ɗinta na asibiti, su ga ta daɗe tana shan magani, su ƙi biya, kuma doka na iya ba su gaskiya.

Sai batun iyakar kuɗin da za su biya. Za a nuna muku babban adadi na shekara, amma a ƙarƙashinsa magani na da tasa iyakar, gwaje-gwaje da tasu, tiyata da tata. Ga mai shan magani kullum, iyakar magani ce za ta fara ƙarewa. Ki lissafa abin da take kashewa a wata, ki ninka sau 12, ki gwada. Ki duba jerin asibitocinsu kuma. In wanda ta saba da shi da kantin maganin unguwa ba sa ciki, kowane zuwa sai an hau mota da tsohuwa. Ki tambaya ko za su sabunta mata bayan ta haura 70, da yadda kuɗin ke hawa.

Kamfanin ya zama mai lasisin NHIA, hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, domin dokar 2012 ta ba hukumar ikon sa ido kan inshorar lafiya ta masu zaman kansu, can kuma za ku kai ƙara in an saɓa alkawari.

In kun zagaya duk sun cire cututtukanta, ni ba zan ba ku shawarar saye ba. Gara kuɗin da yayanku zai aiko ya shiga asusu na daban da sunan lafiyar Hajiya, wanda ba a taɓa shi don biki ko suna, a haɗa da katin NHIS mai rai. Daga ciki a saya mata na'urar awon jini da ta suga, a kuma riƙa kai ta awon ƙoda da na ido duk shekara.