Kashi 0.5 cikin ɗari da 0.5 ppm ba abu ɗaya ba ne

Ɗana, jiya da muka tashi aiki ka tambaye ni: takardar ruwan sha ta ce kulorin ya zama 0.5, takardar wanke daɓe ita ma ta ce 0.5, ko haɗi ɗaya ne? A'a. Kuma wallahi na ji daɗi da ka tambaya kafin ka zuba. Na ruwan sha 0.5 ppm ne (ppm na nufin kashi cikin miliyan), na daɓe kashi 0.5 cikin ɗari. Na biyun ya ninka na farkon sau 10,000. Wanda ya kurɓi na daɓe, maƙogwaronsa ne zai ƙone.

Ni kowace lamba ta zo min, sai na mayar da ita miligiram a lita kafin in taɓa mazubi. Litar ruwa kilo ɗaya ce, wato miligiram miliyan ɗaya. Shi ya sa ppm ɗaya, kashi ɗaya cikin miliyan, daidai yake da miligiram ɗaya a lita. Kashi ɗaya cikin ɗari kuwa giram 10 ne a lita, miligiram 10,000 ke nan. In ka riƙe wannan, sauran duk ninkawa ne da rabawa.

Ɗauki HTH, garin kulorin da ke cikin durom ɗinmu. An rubuta kashi 70, ma'ana cikin giram 10 na gari, giram 7 ne kawai kulorin mai aiki. A nan yara suke faɗawa rami, su auna gari kamar duka kulorin ne. Ka zuba giram 15 a lita ɗaya, ka sami giram 10 da ɗan ɗoriya: uwar haɗi ke nan, mai kashi ɗaya cikin ɗari. Bar ta ta kwanta, ka tsiyaye na sama.

Yanzu tankinmu mai lita 1,000. In muna son miligiram 2 a kowace lita, giram 2 muke bukata gaba ɗaya. Litar uwar haɗi tana ɗauke da giram 10, don haka mililita 200 za ka zuba. Me ya sa 2, alhali takarda ta ce 0.5? Saboda dattin ruwa yana cinye wani kaso. Bayan minti 30 ka ɗebi ruwan kaɗan, ka saka masa DPD, ƙwayar gwajin kulorin, ka duba launi; abin da ya rage muke so ya tsaya tsakanin miligiram 0.2 da 0.5 a lita. Ruwan damina mai laka ya fi ci, kuma garin da ya daɗe a buɗe cikin zafi ƙarfinsa ya ragu, ko me aka rubuta a jikin durom.

Na daɓe da sauƙi: Jik mai kashi 3.5, mazubi ɗaya a mazubi 6 na ruwa. Kada ka kuskura ka haɗa shi da asid, iskar da ke tashi tana kisa.

Gobe kai za ka lissafa na ƙaramin tanki mai lita 500. Rubuta a takarda, ka nuna min kafin ka buɗe durom.