Ramin da abokinka zai haƙa a dusar ƙanƙara bai isa shaida ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Innsbruck ta ƙasar Ostiriya, kuma bana na koyi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Abokaina suna so mu bar filin da ake kula da shi mu shiga cikin tsauni. Sanarwar hukuma ta ce haɗarin zaftarewar dusa yana mataki na 3, amma ɗayansu ya ce zai haƙa rami ya gwada, in ta riƙe sai mu gangara. Gwajin ya wadatar?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Bai wadatar ba, kuma ina roƙonka kada ka jingina ranka da shi.

Dusar da ke kan tsauni hawa-hawa take, kowace zuba da halinta. Idan aka jera kwanaki ana tsananin sanyi, ƙwayoyin wani hawan sukan rikiɗe su koma kamar sukari: ka damƙa a tafin hannu ba za su dunƙule ba, zubewa suke yi. Sai sabuwar dusa ta sauka a kai, iska ta kwaso wata ta danƙare ta a bayan tudu, ta zama falle mai tauri. Nauyin mutum ɗaya kan iya karya wancan raunannen hawa na ƙasa, tsagewar ta ruga, fallen ya taho gaba ɗaya da wanda ke kai. Kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda abin ke rutsawa da su, su ne ko abokan tafiyarsu suka tayar da shi.

Gwajin abokinka sananne ne. Ana yanke ginshiƙin dusa mai faɗin santimita 30 kowane gefe, a ɗora shebur a kai, a buga sau 30: goma daga wuyan hannu, goma daga gwiwar hannu, goma daga kafaɗa. In ginshiƙin ya zame santsi tun a bugun farko-farko, an samu amsa, a koma gida. To amma in ya riƙe, labarin wannan gurbin kaɗai ya ba ku. Taku kaɗan gaba, kusa da wani dutse inda dusar ba ta da kauri, raunin na iya kasancewa dab da ƙafarku. Rami yana iya hana ku tafiya, ba ya ba ku izini.

Kada kuma lambar 3 ta ruɗe ka don tana tsakiyar ma'aunin Turai mai mataki 5. Alƙaluman SLF, cibiyar binciken dusar ƙanƙara da zaftarewarta da ke Davos a Suwizalan, sun nuna kusan rabin mace-macen a wannan mataki suke faruwa, domin rana ce da tsaunin ke da kyan gani, mutane suna fita, raunin kuma yana nan.

Abin da ke hannunka shi ne zaɓen gangare. Yawancin zaftarewar na tashi ne daga gangaren digiri 30 zuwa 45. Werner Munter, masanin zaftarewar dusa ɗan Suwizalan, ya sa ƙa'idar kada a wuce digiri 35 a mataki na 3. Kai sabon hannu ne, tsaya ƙasa da 30, kuma ka ɗaga kai ka tabbata babu gangare mai tsini a samanka. In ka ji dusa ta yi "dum" ta nitse a ƙarƙashinka, ko tsaga ta fita daga bakin katakon zamiyarka, ko ka ga inda ta zaftare a ranar, juya kawai.

Kowa ya ɗauki na'urar neman wanda dusa ta binne, da sandar lalube, da shebur, kuma ya iya aiki da su. Wanda aka tono cikin minti 10 zuwa 15 yawanci yana rayuwa, bayan rabin awa kuwa yawanci numfashi ya ƙare, masu ceto ba su iso ba. Ku riƙa gangarawa ɗaya bayan ɗaya.

Hedikwatar ƙungiyar masu hawan tsaunuka ta Ostiriya, Alpenverein, a garinku take, kuma tana koyar da wannan. Yi kwas ɗin tukuna, fitarka ta farko kuma ta kasance tare da jagora mai lasisi.