Ba son jiki ba ne, je ki a auna jininki

Ƙanwata mai tambaya, kin ce ke da yayanki tukunya ɗaya kuke ci, shi garau, ke kuwa jiri da kasala sun hana ki sakat, har ana ce miki raguwa. Wallahi ciwona kika zayyano.

Ni uwar mijina ce ta fi ƙona min rai. Kullum cewa take, "Yarinya ƙarama sai kwanciya, ɗana na yini cikin ranar Makka bai taɓa cewa wash ba." Har gaban baƙi take faɗa. Ranar da na yanke jiki na faɗi a matakalar gidanmu nan Shara Mansur a Makka, haɓata ta fashe, jini har kan abayata, ina jin muryarta sama-sama tana cewa iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Ko ɗaga ni ba ta yi ba, maƙwabciya ce ta yayyafa min ruwa. Da daddare kuma ta tambaye ni ina tuwo. Allah Ya isa ban ce ba, amma abin na nan a raina.

Da aka yi min tahlil, wato gwajin jini, a mustausaf (ƙaramin asibiti), likita ta ce mace in awon jininta ya gaza 12 ƙarancin jini ne, namiji kuwa 13. Mu da muke al'ada duk wata, jikinmu na neman sinadarin ƙarfe miligiram 18 a rana, su maza 8 ya ishe su. To ina haɗi?

Kina yawan tauna ƙanƙara? Ni kofi guda nake cinyewa, ashe alamar ƙarancin ƙarfen ce. Ki bar shayin nan da muke ɗorawa kan abinci, yana hana ƙarfen shiga jiki. Ki riƙa cin hanta da adas (wani nau'in ƙananan wake) da zogale, ki matsa lemun tsami. Ki ce a duba bitamin D ma, rana ga ta nan kamar wuta amma mu kullum muna ɗaki ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki.

Kada ki faɗa saidaliyya, wato shagon magani, ki sayo ƙwayar ƙarin jini da ka, musamman in akwai sikila a danginku. In an rubuta miki, bayan gidanki zai yi baƙi, kar ki tsorata.

Shi ma yayan naki mai taƙamar lafiya ya je a auna shi, hawan jini ya fi saurin kama samari fiye da 'yan mata, ga su da ƙin asibiti.

In al'adarki na wuce kwana 7 ko tana zuwa da gudaji, ki faɗa wa likita kar ki ji kunya. In kuma igama, wato takardar izinin zama, ce matsalar zuwa asibiti, ki min magana ta ciki.